Volkswagen Beetle ƙirar 1965: in bar ta yadda ta fito daga kamfani, ko in ƙara mata kayan kariya?

Kabiru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar tsofaffin motoci, domin ina dab da sayen ta farko, kuma akwai abin da ya shige mini duhu.

Motoci biyu ne a gabana, dukansu Volkswagen Beetle ƙirar 1965. Ta farko tana nan kusan yadda ta fito daga kamfani. Fentinta na asali ne, ko da yake ya koɗe a rufi da kan bonet, injinta ƙarami ne mai cc 1200 wanda mai motar ya ce ba a taɓa sauya shi ba, lantarkinta na folt 6 ne, birkinta mai ganga ne a ƙafafu huɗu, kujerunta gajeru ne marasa matokarin kai, kuma babu bel ko ɗaya a cikinta. Ta daɗe a ajiye a rufaffen gareji, amma tana tashi, kuma tana tafiya. Ta biyu an yi mata aiki sosai, domin an sa mata inji mai cc 1600, an mayar da birkin gaba mai faifai, an mayar da lantarkin folt 12, an ɗora mata kujerun wata motar zamani da tayoyi masu faɗi, an ɗan sauke ta ƙasa, sannan aka yi mata sabon fenti. Mai ita ya ce a haka ya saye ta, bai san wanda ya yi aikin ba, kuma babu wata takarda da ke nuna abin da aka yi.

Ba motar zuwa aiki nake nema ba. Nufina in riƙa fita da ita a ƙarshen mako, wani lokaci tare da maiɗakina da yara biyu, in kuma kai ta wurin baje kolin tsofaffin motoci idan dama ta samu. Zuciyata tana wajen ta farko, amma idan na tuna cewa babu bel, kuma fasahar birkin ta girme ni, sai jikina ya yi sanyi. Wace ce ya kamata in saya? Idan ta farko ce, waɗanne gyare-gyare ne suka zama dole saboda lafiyar waɗanda ke ciki, waɗanne ne kuma za su ɓata mata asali har in zo ina da-na-sani?

Alhaji Ɗanjuma ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Kabiru. Ka sayi ta farko, muddin ƙarfenta yana da lafiya. Dalilina ba son tsohon abu ba ne kawai. Motar da ba a taɓa ba, duk abin da ke damunta a fili yake, kuma littafin kamfani ya faɗi yadda kowane sashe nata ya kamata ya kasance. Wadda aka yi wa aiki ba tare da takarda ba kuwa, ba ka san irin mastan birkin, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu, da aka haɗa da faifan nan ba, ba ka san yadda aka ɗaure kujerun a daɓen motar ba, ba ka kuma san abin da sabon fentin ya rufe ba. Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya ga kujerar da aka ɗaure da ƙananan notuna a kan ƙarfen da tsatsa ta ci rabinsa, wadda birki mai ƙarfi ma zai iya tumɓuke ta, balle karo.

Kafin ka biya, ka ɗaga kujerar baya ka duba lambar shasi da aka buga a kan tudun da ya ratsa tsakiyar motar, ka gwada ta da wadda ke kan farantin da ke bayan safayar taya a gaba. Idan ƙirar 1965 ce da gaske, lambar za ta fara da 115. Lambar inji tana jikin injin, a ƙarƙashin ƙafar da dinamo ke zaune a kai. Kamfanin Volkswagen da ke Wolfsburg a Jamus ya daɗe yana bayar da takardar da ke nuna ranar da aka ƙera mota da launin da ta fito da shi, don haka ba sai ka dogara da bakin mai sayarwa kaɗai ba. Bayan lambobi, ka durƙusa ka duba dogayen ƙarafunan nan biyu masu rami da ke bin gefen motar a ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda iskar hita ke bi ta cikinsu. Su ne ƙarfin bodin Beetle. Ka danna su da sukurudireba daga ƙasa, ka duba daɓen da ke ƙarƙashin batir, ka kuma bi gefen ƙofofi da maganaɗisu, domin duk inda ya ƙi kamawa, foti ne a wurin, wato abin da ake cike rami da shi kafin a yi fenti. Idan waɗannan sassa sun ruɓe, maganar bel da birki ma ba ta taso ba tukuna.

Game da asali, ya kamata a yi adalci. An ƙera Beetle sama da miliyan 21 kafin a daina a Meziko a 2003, saboda haka ba mota ce da duniya za ta rasa ba idan wani ya sauya tasa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wadda ta kai shekara sittin da fentinta da injinta da kujerunta na asali, kuma irin wannan idan aka huda ta ko aka yanke ta, babu kuɗin da zai dawo da ita. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda ke ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013. Abin da na fi riƙewa a cikinta shi ne cewa duk sauyin da ya zama dole a yi shi ta hanyar da za a iya warware shi, a rubuta abin da aka yi, a kuma ajiye sassan asali da aka cire tare da motar. Ni ma'aunina ke nan. Abin da ake kwancewa da sufana na yarda da shi, abin da ke buƙatar zarto ko walda a bodi kuwa sai an kawo mini hujja mai ƙarfi. Ka tanadi akwati tun ranar farko, duk abin da aka cire ka sa masa alama ka ajiye, har da tsohon noti.

Injiniya Rabi'atu ta amsa:

Na yarda da Alhaji a kan wadda za a saya, amma ina so Malam Kabiru ya shiga wannan ciniki da idonsa a buɗe, domin akwai abin da babu gyaran da zai sauya shi. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tsohuwar mota ta fi ta zamani ƙarfi saboda kaurin ƙarfenta. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora suka kafa don binciken haɗurran mota, ta gwara Chevrolet Bel Air ƙirar 1959 da Chevrolet Malibu ƙirar 2009 gaba da gaba, kowace tana gudun kusan kilomita 64 a awa. Gaban Malibu ya murƙushe, amma ɗakin fasinja ya tsaya yadda yake. Ita kuwa Bel Air, ɗakin ne ya lotsa ya shigo kan mutum-mutumin da aka zaunar a kujerar direba. Dabarar ƙera gaba da baya su murƙushe su shanye ƙarfin karo, alhali ɗakin fasinja yana tsaye, Béla Barényi ne ya yi rajistarta a Mercedes-Benz a farkon shekarun 1950, kuma ta fara fitowa sosai a motarsu ta 1959. Tsarin Beetle ya girmi wannan dabara, domin tun shekarun 1930 aka zana shi. Tankin mai yana gaba, kusa da gwiwoyin direba, sandar sitiyarin 1965 kuma ƙarfe ne guda ɗaya miƙaƙƙe wanda a karon gaba yake tahowa ƙirjin direba kamar mashi. Sai a ƙirar 1968 aka sa mata sandar da ke lanƙwashewa.

Saboda haka kariyar da za ka iya ƙarawa kashi biyu ce: abin da zai hana haɗarin aukuwa, da ɗan abin da zai rage rauni idan ya auku. A kashi na farko, abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne mastan birki. Motar 1965 layin mai ɗaya gare ta, wato masta ɗaya ne mai ɗaki ɗaya yake tura mai zuwa ƙafafu huɗu. Idan tiyo ɗaya ya fashe, ko roba ɗaya ta saki a ƙafa ɗaya, man zai tsiyaye, fedar ta tafi ƙasa, a rasa birkin ƙafafun duka a lokaci guda, ba abin da zai rage sai birkin hannu. Masta mai layi biyu yana raba gaba da baya, ta yadda idan ɗaya ya tafi ɗaya zai riƙe. Amurka ta wajabta shi a ƙarshen shekarun 1960, kuma Volkswagen da kanta ta koma gare shi a wannan lokacin, don haka kayan kamfanin ne za ka sa, a mazaunin tsohon, a wurin da mai kallo ba zai gani ba sai ya shiga ƙarƙashin motar. Sharaɗin kawai shi ne a zaɓi mastan da ya dace da birki mai ganga, a kuma raba tankin man birkin gida biyu, in ba haka ba rabon layin ba shi da amfani.

A kashi na biyu, bel ne kan gaba. Nils Bohlin na kamfanin Volvo ne ya fito da bel mai maɗauri uku a 1959, wanda ke riƙe ƙugu da ƙirji tare, kuma har yau babu wani abu guda da ya kai shi ceton rai a mota. Beetle ta fara zuwa da ramukan ɗaura bel tun farkon shekarun 1960, don haka ka duba ginshiƙin da ke bayan ƙofa da gefen tudun tsakiya, akwai yiwuwar ka tarar da su a toshe, ba sai an huda komai ba. Abubuwa biyu nake so a kula da su. Bel na ƙugu kaɗai yana hana mutum fita daga mota, amma yana barin ƙirji da fuska su faɗa kan sitiyari, don haka a gaba mai maɗauri uku za a sa. Sannan maɗaurin kafaɗa ya kasance daidai da kafaɗa ko sama da ita kaɗan, domin idan ya yi ƙasa sosai, a lokacin karo yana danne ƙashin baya. Duk inda ya zama dole a yi sabon rami, a sa farantin ƙarfe mai faɗi da kauri a bayansa, kuma a kan lafiyayyen ƙarfe.

Inda zan saɓa da masu tsananin son asali shi ne kujera. Gajeriyar kujera ba ta tare kai idan aka bugi mota daga baya, kuma tsohuwar mota mai ƙananan fitilun baya, mai tafiya a hankali a cikin motoci masu gudu, bugun baya ne ya fi yi mata barazana. Amurka ta wajabta matokarin kai daga 1969. Ni da zan riƙa hawa da iyali, da na nemi dogayen kujerun Beetle na shekarun da suka biyo baya, na ajiye na asalin don ranar baje koli. Haka kuma da na ƙara fitilar birki ta uku a gilashin baya, irin wadda ake maƙalawa a cire. Sauran kariyar tana ƙafarka ta dama, domin ƙarfin karo yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato motar da ke gudun kilomita 100 tana ɗauke da kusan ninki biyu na ƙarfin wadda ke gudun 70.

Malam Isyaku ya amsa:

Ni bakanike ne, kuma abin da zan ƙara a kan maganar Alhaji da Injiniya shi ne, yawancin tsofaffin motocin da ake kawo mana bayan sun yi ɓarna, rashin kulawa ne ya jawo, tun kafin a zo maganar tsohuwar fasaha. Motar da ta daɗe a ajiye, duk wata roba da ke jikinta ka ɗauka ta mutu, ko da a ido tana da kyau. Tiyon birki yana kumbura ta ciki, ya bar mai ya wuce zuwa ƙafa idan an taka, ya hana shi komowa idan an saki. Alamarsa ita ce motar ta riƙa ja gefe ɗaya, kuma idan ka tsaya ka kai hannu kusa da wilin sai ka ji ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi. Man birki na yau da kullum yana shan ruwa daga iska, ruwan ya sa tsatsa a cikin silinda, ya kuma sa man ya tafasa da wuri idan birki ya yi zafi, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Ka sauya tiyo huɗun, da silindar kowace ƙafa, da takalman birki, ka duba bututun ƙarfen da ke bi ta cikin motar zuwa baya, wanda yake ruɓewa a ƙarƙashin kafet kusa da feda. Babu mai cewa ka ɓata asali don ka yi wannan.

Game da birki mai faifai, ra'ayina shi ne ba ka buƙatarsa. Motar nan ba ta kai kilo 800 ba, injinta doki 34 ne, kuma iyakar gudunta bai wuce kilomita 115 a awa ba. Birki mai ganga da aka gyara aka saita daidai yana iya kulle ƙafafunta huɗu, kuma da zarar birki ya iya kulle ƙafa, taya ce ke yanke nisan tsayawa. Fifikon faifai yana fitowa ne a doguwar gangara inda ake ta taka birki har ya yi zafi, da kuma bayan an ratsa ruwa. Sannan nauyin Beetle yana baya, gabanta ba shi da nauyi, don haka idan aka ƙarfafa birkin gaba ba tare da lissafi ba, ƙafafun gaba za su riƙa kullewa da wuri a jiƙaƙƙiyar hanya, sitiyari ya daina aiki. Abin da ganga ke so shi ne saiti da hannu, domin ba ta saita kanta. Kowace ƙafa tana da ƙananan taurari biyu da ake juyawa ta wani rami da sukurudireba har takalmin ya fara shafar ganga, sannan a ɗan sassauta. Idan feda ta fara nisa, lokacin saiti ya yi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a Beetle shi ne wuta. Tiyon fetur yana bi ta saman inji mai zafi, kuma fetur na yanzu da ake gauraya shi da etanol yana cin tsohuwar roba. Akwai ɗan bututun tagulla da aka cusa a jikin kafireto, wanda tiyon ke shiga, yana sassautawa da tsufa, musamman idan an rataya matatar mai a tsakanin famfo da kafireto, nauyinta yana jijjiga shi har ya fice, famfo ya ci gaba da watsa fetur a kan inji. Ka sauya tiyon duka da wanda aka yi don jure etanol, ka sa maɗauri a kowane baki, ka mayar da matatar wajen ɗakin inji, ka kuma duba robar da ke kare bututun a inda ya ratsa farantin gaban inji. Jikin injin na magniziyam ne, idan ya kama ruwa ba ya kashe shi. Batir kuma yana ƙarƙashin kujerar baya, idan babu murfi a kansa, mutum mai nauyi ya zauna, sifirin kujera yana iya taɓa kawunan batir ɗin. Ka ajiye tukunyar kashe wuta a inda hannunka zai kai kana zaune. Ka sa a duba hita ma, domin daga jikin salansa take ɗebo zafi, idan ta huje hayaƙi mai guba wanda ba shi da wari zai shigo ɗaki.

Taya kuwa, ka karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke gefenta bayan haruffan DOT. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019 ke nan, idan kuma lambobi uku ne, ta girmi shekarar 2000. Wadda ta kai shekara goma a cire ta ko da zanenta bai goge ba. Girman asali shi ne 5.60-15, kuma tayar zamani siririya mai lamba 155 ko 165 a kan wili 15 tana zama daidai. Kada ka bi masu sa faffaɗa. Ƙafafun bayan wannan ƙirar suna lanƙwashewa ciki idan aka shiga kwana da gudu, kuma taya mai kama ƙasa sosai tana sa motar ta ɗaga maimakon ta zame. Wannan na cikin abin da ya sa ban so mota ta biyun ba. Iskar gaba kuma ta yi ƙasa da ta baya sosai, yadda littafin ya faɗa, domin masu ba da iska sukan cika huɗun daidai wa daida, motar ta riƙa yawo a hanya.

Kabiru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma na duba ta farkon, lambar shasi ta fara da 115 kuma ta dace da ta farantin gaba, ramukan bel suna nan a toshe kamar yadda Injiniya ta faɗa, tsatsar da na gani kuma a ƙarƙashin batir take kawai, faɗinta bai kai tafin hannu ba. Saura tambaya biyu. Fitilun gaban suna da rauni sosai, shin sai na mayar da ita folt 12? Sannan Injiniya ba ta ce komai ba game da yara a kujerar baya, ƙaramin bai kai shekara huɗu ba.

Alhaji Ɗanjuma ya sake amsawa:

Kada ka yi gaggawar komawa folt 12. Fitilar da ke aiki da folt 6 tana jan ninki biyu na wutar da mai folt 12 ke ja kafin ta ba da haske iri ɗaya, shi ya sa ɗan datti ko tsatsa a mahaɗar waya yake rage mata haske sosai. Ka sa mai wayarin ya goge kowace mahaɗa da mazaunin fis har su yi ƙyalli, ya sauya igiyar da ke haɗa batir da bodi da wadda ke haɗa giyabos da shasi, sannan ya sa rile, wato ɗan makunnin da ke kai wuta kai tsaye zuwa fitila ba tare da ta zagaya ta tsohon makunnin dashbod ba. Yawanci wannan ya isa ga mai fita da rana. Idan ka ga lallai za ka riƙa tafiyar dare, sauyin ba laifi ba ne, tun da Volkswagen ma ta fara komawa folt 12 daga ƙirar 1967, amma ka sani zai taɓa dinamo da koyil da ƙwayayen fitila duka da injin waifa, kuma duk su shiga akwatin nan.

A kan kujeru, na ji hujjar Injiniya, kuma ba zan yi musu da ita ba, sai dai a tabbata sun hau kan layin dogon asali, wato ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, ba tare da an yanke daɓe ba. Ka kuma bincika dokar ƙasar da za ka yi rajista. A Jamus, lambar mota mai harafin H da ake bai wa motar da ta kai shekara 30 tana buƙatar sauye-sauyen su dace da zamanin motar. A Birtaniya, tun 2018 an ɗauke wa motar da ta haura shekara 40 gwajin shekara-shekara, sai idan an yi mata babban sauyi a cikin shekara 30 da suka wuce. Kamfanin inshora ma ka sanar da shi duk abin da ka sauya a rubuce.

Injiniya Rabi'atu ta sake amsawa:

Malam Kabiru, amsata a kan ƙaramin ita ce kada ka ɗauke shi a wannan motar zuwa babbar hanya. Kujerar yara ta zamani an gwada ta ne a motar da ke da maɗauran da aka auna ƙarfinsu da ɗakin fasinja da ba ya lotsewa, kuma Beetle ta 1965 ba ta da ko ɗaya daga ciki. Ana iya sa bel a baya, kuma ina ba da shawarar a sa saboda manya da yaran da suka yi tsayin da bel zai zauna musu a ƙashin ƙugu da tsakiyar kafaɗa, amma aikin yana buƙatar huda da farantan ƙarfafawa, don haka a nan ne za ka karya ƙa'idar Alhaji da saninka, ka kuma ba wanda ya taɓa yin irinsa. Madogarar kujerar bayan tana kifowa gaba, saboda haka a tabbata maɗaurinta yana riƙewa, kuma kada a ajiye kaya masu nauyi a ramin da ke bayanta.

Tsatsar ƙarƙashin batir kuma kada ka raina ta don ƙanƙantarta. Ka sa a kankare ta har a kai ga farin ƙarfe kafin ka biya, domin ruwan batir yana bin daɓe ya gangara gaba, kuma layin dogon kujerar da ke wannan gefen a kan daɓen nan aka yi masa walda. Idan ramin ya kai kusa da layin, a yanke wurin a sa sabon ƙarfe mai kauri iri ɗaya kafin a ɗaura bel ko kujera, a ɗauki hoton aikin kafin a shafa fenti, a haɗa shi da takardun motar.